Ƙofar Da Na Samu A Buɗe

Gwaggo Arlene,

Don Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon takardar nan. Sau huɗu ina fara ta ina yagewa. Ni ba mai yawan magana ba ne, gidanmu ma ba a san mu da ita ba, kuma in kin kai ƙarshe za ki ga rashin maganar nan ce ta kai mu ta baro.

Shekara tara ke nan ina wani ƙaramin gari a bakin teku a Alaska, ina gyaran injinan sanyi a masana'antar kifi. Ko saniya ɗaya babu a nan. Jaridarku takan iso ni bayan mako biyu ko uku, ta sha laima a hanya, in zauna in karanta labarin kasuwar maruƙan da ba ni da su, da hasashen ruwan da ba a kaina zai sauka ba, sannan in juya zuwa filinki na ba da shawara. Abokan aikina dariya suke min, wai mutum yana warin kifi yana karatun ciyawa.

A tuddan yashi na Nebraska aka haife ni. Kakana ne ya kafa wurin kiwonmu, Baba ya gada. Kin san ƙasar, ba sai na faɗa miki ba. Ciyawa ce kaɗai ke riƙe da yashin nan, ranar da ta saki kuwa iska ta samu aikin yi. Kiwon Baba irin na ubansa ne: a watan Mayu a kora shanu babbar makiyaya a rufe, sai Oktoba a je a kwaso su. Su kuwa shanu kin san halinsu, gindin ruwa suke tarewa, su cinye mai daɗin har ƙasa, ta sake tsirowa su sake datse ta, ta can bayan tudu kuma ta tsufa a tsaye ba wanda ya kula ta.

Na yi shekara huɗu ina aiki wurin wani mutum a Dakota ta Kudu, a can na koyi kiwon karɓa-karɓa. Da Mama ta rasu na dawo gida da abin a kaina kamar zazzaɓi. Na dami Baba har ya ce ya ba ni eka dubu huɗu na gefen arewa, shekara uku, in yi haukata in gaji in bar shi ya huta. Na ja wayar lantarki na raba wurin gida goma sha biyu. Garke ya yi kwana biyar a yanki ɗaya, ya ci rabin ciyawar ya bar rabi, in buɗe masa na gaba, wanda aka bari ya huta kusan wata biyu kafin a dawo masa. Na zana taswirar da hannuna a bayan wata tsohuwar kalanda, na manna a bangon kicin.

Tun daga ranar sunana ya koma Farfesa. In mun shiga gari shan kofi, sai Baba ya ɗaga murya yana gaya wa maƙwabcinmu Virgil cewa ɗansa ya buɗe wa shanu otal mai ɗaki goma sha biyu, saura kawai ya ɗauko musu mai canza zanin gado. Virgil ya ce to a ajiye masa ɗaki ɗaya, matarsa ta kusa korarsa. Kowa ya yi dariya, ni ma nakan yi, amma abin yana cina. A shekara ta biyu doguwar ciyawar nan mai jan kara, wadda tun ina ƙarami sai a bakin titi nake ganinta, ta fara fitowa a tuddanmu. Na kai Baba har wurin na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, ya tsinki ɗaya ya sa a baki, ya ce bana an yi ruwa.

Ba na son ki ɗauka mugun mutum ne. Duk abin da na sani game da saniya shi ya koya min. Ya san kowace da fuskarta, ya san uwarta. Tunda nake ban taɓa ganin ya sa abincin safe a bakinsa ba kafin ya zagaya ya duba ruwan dabbobinsa. Amma sau biyu yana buɗe min ƙofa ba tare da ya gaya min ba, ya saki garke cikin yankin da ke hutawa. Na farko ya ce wai sun tsaya a bakin waya suna kallonsa kamar fursunoni, shi ba zai iya ba. Na biyu ko dalili bai bayar ba. Muka yi ta. Na faɗa masa maganganu, shi ma ya faɗa min. Zuwa watan Yuli na shekara ta uku, mun yi kwana goma sha shida ba mu ce wa juna uffan ba. A tebur ɗaya muke cin abinci. In ƙanwata Darla ta zo daga gari ranar Lahadi, sai ya ce mata ta gaya wa Farfesa ya miƙo gishiri, alhali gishirin na kusa da gwiwar hannunsa.

To ga abin da ya faru. Garken yana yanki na bakwai, shanu ɗari da ashirin da maruƙansu. Ruwan yankin rijiya ɗaya ce mai famfon iska, tana bayan wani tudu. A gefensa akwai yankin da ke da tafki, wanda Baba ya sa wa sunan Mama, Tafkin Opal, don can take kai mu kamun kifi muna yara. Ƙofa ɗaya ce tsakaninsu. Yankin tafkin kwanansa goma sha biyu kacal da fara hutu, ciyawar ta fara toho ke nan, lokacin da bakin saniya ya fi yi mata illa.

Ranar wata Talata da rana tsaka na biyo ta wurin a kan doki, sai na ga ƙofar a buɗe, an jingine ta da kyau a jikin shinge, shanu kusan talatin sun riga sun tsallaka. Gwaggo, jinina ya tafasa. Na ce a raina Baba ya sake yi min, karo na uku. Na koro su na mayar, na ja ƙofar na rufe, na ciro waya a aljihun sirdi na ɗaure ta tamau har zagaye uku, don in ya zo buɗewa ya san na gani. Daga nan zuwa tankin ruwan bai kai rabin mil ba. Ban hau tudun na duba ba. Na juya dokina na koma gida, na yi wanka, na shiga mota na tafi taron makiyaya na kwana biyu a Kearney, inda aka gayyace ni in yi bayanin nasarar da na samu. Har hotunan ciyawata na tafi da su.

Abin da ban lura da shi ba, kwana huɗu ke nan iska ba ta kaɗa ba. A ƙasar da iska ke cire wa mutum hula kullum, wa zai ce za ta tsaya? Famfon ya tsaya cik, tankin ya kusa ƙafewa. Baba ya gani a zagayensa na safe, shi ya sa ya buɗe musu hanyar tafki. Daga nan ya wuce fadamarmu ta kudu, mil ashirin, inda ake yankan ciyawar da muke ajiye wa lokacin sanyi, ya tare a can da masu yankan, hankalinsa kwance tunda ya bar ƙofa a buɗe. Zafi ya haura digiri ɗari a ma'aunin Fahrenheit a kwanakin nan.

Ranar Alhamis da la'asar muka iso kusan tare, ni daga Kearney, shi daga fadama, don Virgil ya hango ungulaye ya kira mu. A bakin ƙofar muka same su. Daga inda suka taru ana hango ruwan tafkin yana walƙiya. Wannan ƙofar tana cikin tsohon shingen kakana ne mai waya huɗu ta ƙaya, ba irin siririyar wayata ba da za su iya tsinkewa. Sun danna, sun hau juna, ƙofar ba ta ba da kai ba, don na iya ɗauri. Shanu talatin da takwas, maruƙa ashirin da shida. Sauran suna tsaye harshe a waje, wasu ko kukan ba sa iyawa. Akwai wata ja mai farin goshi da Mama ta shayar da kwalba a kicin lokacin da uwarta ta mutu. Ita ce a ƙasan tarin.

Baba ne ya warware wayar da hannunsa, zagaye ɗaya bayan ɗaya, bai yanke ta ba. Sai da ragowar suka wuce suka sha, sannan ya juyo ya yi min magana ta farko cikin kwana goma sha takwas. Ya ce, "A buɗe ka same ta." Shi ke nan. Ke ma kin san abin da yake nufi. Dokar farko da ake koya wa kowa a ƙasarmu kafin ya iya hawa doki ita ce ka bar ƙofa yadda ka same ta, in a rufe ka rufe, in a buɗe ka bar ta, don wanda ya riga ka wucewa yana da dalilinsa. Ni kuma, maimakon in sunkuyar da kai, sai na ce masa da ya buɗe bakinsa kamar yadda ya buɗe ƙofar, da duk suna raye. A gaban Virgil na faɗa. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a gabana ba sai ranar.

Kwana biyu muka yi muna binne su da katafilar Virgil. Da aka gama na haɗa jakata. Bai hana ni ba, ni ma ban yi sallama ba. Na yi ta tuƙi arewa har hanya ta ƙare, na shiga jirgin ruwa. Ban yi aure ba. A wurin aiki, ko ƙofar ɗakin sanyi na samu a buɗe sai na zagaya na tambayi mutum uku kafin in rufe. Suna kirana Ɗan Tambaya, ba su san dalili ba.

Darla ce kaɗai muke waya, kuma tun farko na gindaya mata sharaɗi kada ta kawo min zancen gida. Watan jiya ta karya sharaɗin. Ta ce, "Yaya, ka rufe min baki ka saurara, na gaji da ku biyun." Baba ya faɗi a kan ƙanƙara a watan Janairu ya karye a ƙugu. Shekararsa saba'in da tara. Likita ya ce shi da doki sun rabu, ko babur mai ƙafa huɗu sai an ɗora shi. Ita da mijinta ne ke zuwa ƙarshen mako, kuma ba za su iya ɗaukar kiwon bana ba.

Sai ta gaya min abin da ya hana ni sukuni tun ranar. Ashe Baba bai cire wayata ko ɗaya ba. Taswirar nan tana nan a bangon kicin, ta yi ja don tsufa, da ita yake juya garkensa shekara tara. Har gefen kudu ya raba da kansa. Ya sa famfo mai aiki da hasken rana a kowace rijiya. Mutane na zuwa daga nesa kallon ciyawarsa, in sun tambaye shi sirrin sai ya ce ana dai samun ruwa. Ko sau ɗaya bai ambaci sunana ba.

Amma ban da yanki na bakwai. Can bai taɓa komai ba, tsohon famfon iskan na nan yadda yake. Ƙofar kuwa ya ɗaure ta a buɗe a jikin shinge, kuma Darla ta rantse cewa da wayar nan tawa ya ɗaure ta. Ya ware tsofaffin shanun da suka tsira ranar, waɗanda suka rage, da wasu 'ya'yansu mata, kusan hamsin, ya bar su a can rani da damina, ba ya sayarwa, ba ya juya su. Kullum suna bin ƙofar zuwa tafki su dawo. Sun cinye wurin har ƙasa, kofatonsu ya yanka tudun, iska ta samu baki ta fara haƙa. Darla ta ce ramin da ta haƙa yanzu zai haɗiye cocinmu har da hasumiyarsa, kuma yashin yana gangarawa cikin tafkin Mama. Ta roƙe shi a rufe ƙofar a kwashe shanun wurin ya huta. Virgil ma ya yi masa magana. Baba ya ce ba wanda zai taɓa ƙofar nan sai wanda ya rufe ta da farko.

To ni na san mahaifina. A wurina maganar nan ba gayyata ba ce, sammaci ne. So yake in zo in tsaya a wurin nan a gabansa in sake rufe ta da hannuna, yana zaune a mota yana kallo, don in san bai manta ba. Shekara tara yana lalata tafkin matarsa don kawai ya ajiye min shaida. Wane irin mutum ne zai yi haka? Na san laifina, kullum da shi nake tashi, ba sai an gina min gunkinsa ba. Amma shi fa? Ranar nan da ya bar min takarda guda, layi ɗaya, a ƙarƙashin kofin kofi cewa famfo ya tsaya, da ta isa. Wa ya taɓa tambayarsa wannan? Kuma in abin da na kawo shirme ne, don me yake cin moriyarsa? In ba shirme ba ne, bakinsa zai tsage ne in ya faɗa?

Ranar sha biyar ga Mayu ake sakin shanu. Darla ta ce in ban zo ba za ta ba da wurin haya ga wani kamfani, ta mayar da Baba gari, kuma ta san ba zai kai Kirsimeti a gari ba. Na cika takardar neman hutu, tana aljihuna mako biyu ban miƙa ba. Gwaggo, ina tsoron in je in ga fuskar nan tasa, in sake faɗin wata maganar da ta fi ta farko muni. Ina kuma tsoron in ƙi zuwa. In na je, in rufe ƙofar ne ko in bar masa abarsa? Ki faɗa min gaskiya ko da ɗaci, na saba.

Ni ne,
Wanda Ya Iya Ɗauri

*

Ɗana,

Na karanta takardarka sau biyu, ta biyun sai da na cire tabarau na goge. Na yi shekara arba'in da ɗaya ina kiwo tare da marigayi mijina, mu ma mun taɓa binne dabbobi, na san warin da ba ya barin hancin mutum. Ka nemi gaskiya, to ga ta.

Ka yi laifi, kuma ba ɗaya ba. Dokar ƙofa da ka karya ba don ƙofa aka kafa ta ba, an kafa ta ne don mutum ya ɗauka na gabansa ba wawa ba ne. Kai kuwa ranar ka riga ka yanke wa mahaifinka hukunci kafin ka ga tanki. Ɗaya laifin ba ka ambata ba, ban sani ba ko ka lura. Duk wanda ya ja waya ya tsare saniya a ƙaramin wuri ya ɗauke mata ikon neman ruwa da ƙafarta, ƙishirwarta ta koma wuyansa. Ka zana yanki goma sha biyu don ciyawa, ka bar garke guda a hannun rijiya ɗaya da ke jiran iska, babu ajiyar ruwa ta ko kwana biyu. Tsarinka mai kyau ne, ciyawar ta shaida, amma da rami a cikinsa tun kafin ranar Talatar nan. Mahaifinka da zagayensa na safe shi ne ke toshe maka ramin shekara uku, ba ka sani ba.

Shi ma ba zan wanke shi ba. Mutumin da ya buɗe ƙofa sau biyu don tsokana, shi ya zubar da darajar buɗewarsa ta uku. Kuma wanda ya taɓa ƙofa a cikin kiwon wani, wajibi ne ya faɗa, ko suna gaba, ko da ta bakin maƙwabci ne. Ya san haka sarai. Maganar da ka faɗa masa a gaban Virgil gaskiya ce, lokacinta da wurinta ne ba su yi ba. Kana tambaya wa ya taɓa tuhumarsa kan takardar da bai rubuta ba. Ɗana, shi da kansa, kowace safiya, shekara tara.

A nan ne na rabu da kai. Ka ce ya ajiye maka shaida ne. Shaida don wa ya gani? Kana Alaska, ka hana a ba ka labarin gida. Shi ne ke wucewa ta gaban ƙofar nan kullum, ba kai ba. Mai son ya tozarta ka da ya tumɓuke wayoyinka a makon farko, ya yage taswirar, ya je wurin shan kofi ya ce ga abin da ilimin Farfesa ya jawo. Wannan kuwa ya bi zanenka layi-layi, ya gyara ruwan ko'ina, ya kasa taɓa wuri ɗaya tak. Ban san mahaifinka ba, zan iya kuskure. Amma na san irinsa, na auri ɗaya. Ba su iya cewa "ka yi daidai" ba, sai dai su yi shekara tara suna aikata abin da ka faɗa. Ba su iya cewa "ka dawo" ba, sai su ƙirƙiro aikin da ba mai iya yinsa sai kai. Shanun nan hamsin ba don ya ƙona maka rai yake riƙe da su ba. Ya kasa sake tsayawa tsakaninsu da ruwa ne.

Don haka ka miƙa takardar hutun gobe da safe. Kada ka jira sha biyar ga Mayu, ka isa da mako biyu a hannu. Darla ta ɗauki kayan da ba nata ba ita kaɗai tsawon shekaru, ka fara da yi mata godiya, ba ta waya ba.

In ka isa, kada ka doshi ƙofar. Ka fara da abin da ka tsallake wancan karon: ka hau tudun ka duba ruwa. Ka sa wa rijiyar yanki na bakwai famfo mai aiki da hasken rana irin na sauran, da tankin da zai riƙe garken kwana uku ko rijiyar ta tsaya. Ka bar shi ya cika ya tumbatsa, ka ɗauko tsohon a mota ka kai shi ya gani da idonsa. Muddin bai ga ruwa a bayan ƙofar nan ba, ba zai yarda a rufe ta ba, kuma yana da gaskiya.

Ramin iskan ba zai warke bana ba, kada ka sa rai. A kewaye shi da waya, a baza masa tsohuwar ciyawar ajiya da ta lalace ta danne yashin, a bar wurin da yankin tafki su huta damina biyu cur ba kofato. In lokacin buɗewa ya yi, a sake wa hanyar wuri, a fitar da sabuwar ƙofa a ƙasa mai ƙarfi nesa da tudun. Tsofaffin shanun kuma kada ka kawo masa zancen sayarwa. Ka samar musu wuri kusa da gida inda zai riƙa ganinsu ta taga, ƙananan a haɗa su da babban garke su shiga zagaye. Sannan ku kafa ƙa'ida, ku rataya allo a kicin kusa da taswirar nan: duk wanda ya taɓa ƙofa ya rubuta, ko kuna magana ko ba kwa yi. Na san gidanku, allon zai yi aiki.

Ka ce kana tsoron bakinka. To ka rage masa aiki. Kada ka je da jawabi, kada kuma ka je karɓar ban-haƙuri, mai yiwuwa ba za ka taɓa jin sa da kalmomi ba, kuma sai ka yi haƙuri da hakan. In ya kira ka Farfesa, ka amsa. Ba mamaki shekara tara ke nan sunan na bakinsa ba wanda zai kira da shi.

Tambayarka ta ƙarshe, ko ka rufe ko ka bari. Kai da ke zagaya masana'antar kifi kana tambayar mutum uku kafin ka rufe ɗakin sanyi, mutum ɗaya ne a duniya ba ka tambaya ba. Ranar da tanki ya cika, ka tsayar da motar a bakin ƙofar, ka kashe inji, ka ce masa: Baba, na same ta a buɗe, me ya sa ka buɗe ta? Sai ka yi shiru ka jira, ko zai ɗauki rabin yini. In ya ce rufe, ka sauka ka warware wayar nan zagaye ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya yi, ka sa ta a aljihu, ka rufe ƙofar da sakatarta kawai. In bai ce komai ba, ka bar ta yadda ka same ta, gobe ku dawo.

Allah ya kai ka lafiya, ya ba tsohon sauƙi, ya saukar muku da ruwa a kan lokaci. Ka gaida min Darla.

Taka,
Gwaggo Arlene